Gaban Babur ɗin Malam Ayuba

Na san abin da ake faɗa muku a gidan baffanku Alhaji Tanimu. An ce hassada ce ta sa na tona masa asiri a bainar jama'a, wai na ga ya yi gaba ni kuwa ina nan cikin baƙin mai. An ce ni na sa Inna ta kwanta ciwo. Shekara da shekaru ina jin wannan ina haɗiyewa, domin a lokacin ku yara ne, kuma ban so ku tashi kuna ƙin 'yan'uwanku ba. Yanzu kun girma, ni kuma hannuna ba ya riƙe sifana kamar da. To ga yadda abin ya faru, har da nawa laifin, don ba zan wanke kaina da ƙarya ba.

A shekarar da aka haifi 'yar'uwarku Maryam, ni da Yaya Tanimu shago ɗaya muke a Sabon Gari, can bayan PZ. Shagon nasa ne. Shi yana gaba yana sayar da babura na hannu, ni ina baya ƙarƙashin rumfar kwano ina gyara. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, shi ya kai ni koyon kanikanci, ba na musun wannan kuma ba zan taɓa musawa ba. Amma a wannan shekarar ya shiga wata sabuwar harka. Sai ya riƙa sayo baburan da suka yi hatsari, waɗanda gabansu ya murɗe, ya kai su wurin wani mai walda a Zabi. Bayan kwana huɗu ko biyar sai su dawo suna ƙyalli, sabon fenti, sabuwar fitila, kamar ba su taɓa faɗuwa ba. Irin waɗannan bai taɓa ba ni su in duba ba. Na san dalili, shi ma ya san na sani. Ban tambaya ba.

Malam Ayuba malamin firamare ne a Samaru, gidansa yana Palladan. Iyayensa mutanen kudancin Kaduna ne, amma shi a Zariya aka haife shi, kuma mutum ne da ko kusa ba ya son rigima. Matarsa Saratu tela ce, da keken ƙafa take ɗinki, ita ce ma take yi wa mahaifiyarku kayan sallah. Ya daɗe yana tari kafin ya sayi wani jan babur a hannun Yaya. Mako biyu bayan nan, ranar wata Asabar da hantsi, sai ga shi ya turo babur ɗin har rumfata.

“Malam Garba, don Allah duba mini wannan abin. In na kama birkin gaba sai kan shi ya nutse, ya kuma ja ni hagu. A kan gargada kuwa sai in ji ƙwas, ƙwas, kamar wani abu zai cire.”

“Tun yaushe?” na ce.

“Tun ranar da na ɗauke shi. Na ɗauka rashin sabo ne.”

Ku da ba ku bi sana'ata ba, bari in faɗa muku yadda ake duba gaban babur, don ku gane cewa abin da na gani ba zato ba ne. Na fara hawa, na damƙe birkin gaba, na danna kan babur ɗin ƙasa da ƙarfi na saki. Lafiyayyen fok, wato ƙafafun nan biyu da suke riƙe da tayar gaba, yakan sauka a hankali ya dawo a hankali. Wannan ya faɗa kamar babu komai a ciki, da zai dawo kuma sai ya maƙale a hanya, sannan ya fizgo. Na shafa yatsa a jikin ƙafar hagu, yatsan ya fito jiƙe da mai. Na bi sawun man da ido, na ga ya gangara har cikin kwanon birki. Na ɗora babur ɗin a kan gungume yadda tayar gaba ta bar ƙasa, na juya kan babur ɗin hagu da dama: yana zuwa tsakiya sai ya ɗan tsaya kamar ya faɗa rami, alamar boris ɗin wuya, wato ƙwallayen ƙarfen da kan yake juyawa a kansu, ya ci duka. Na kama ƙafafun biyu daga ƙasa na ja gaba na tura baya, sai ga ƙwas ɗin da yake faɗa. Daga nan na tsuguna a gaban tayar, na rufe ido ɗaya, na daidaita ƙafafun biyu. Ba su tsaya a layi ɗaya ba. Tayar ma ta fara cinyewa ta gefe guda, a cikin mako biyu kacal.

Na kwance ƙafar hagu, na zare bututun. Man da ya zubo ba man fok ba ne, tsohon baƙin man inji ne, shi ma bai kai rabin abin da ya kamata ba. Ina da wani tsohon gilashin taga da nake ajiyewa don irin wannan. Na shimfiɗa shi, na mirgina bututun a kai. Miƙaƙƙen bututu yakan tafi sumul. Wannan yana tafiya yana ɗaga kai, haske yana wucewa ta ƙarƙashinsa. Da na goge wuyansa, daidai inda maƙalli yake ɓoye shi, sai na ga ƙarfen ya yi shuɗi, an kuma goge shi da sanfefa. An sa masa wuta ne aka miƙar da shi. Ƙarfen da aka gasa aka lanƙwaso ba ya komawa yadda yake, ƙarfinsa ya riga ya tafi. Yana nan yana jiran rami ɗaya ko birki ɗaya mai ƙarfi.

Ina riƙe da bututun nan sai na ji inuwa a kaina. Yaya ne, ya fito daga gaba, carbi a hannu. Ya dubi abin da ke hannuna, ya dube ni.

“A'a, Malam Ayuba, kai ne? Me ya sami angon naka?” Ya yi dariya. “Garba, sil ne kawai ya saki, ko? Sa masa sabon sil da sabon lainin birki, a kaina. Malam namu ne.”

Malam Ayuba ya yi ta godiya. Ya juyo gare ni.

“Ashe ƙaramin abu ne, Malam Garba?”

A nan ne na yi abin da har yau in na tuna nake jin kamar in mari kaina. Na ce:

“Za a gyara. Amma ka riƙa tafiya a hankali, kada ka cika dogara da birkin gaba.”

Abin da na faɗa ke nan. Na sa sabon sil, wato robar da ke tare man fok, na zuba man kirki, na wanke kwanon birki da fetur, na sa sabon laini, na ɗaure wuyan. Na mayar da gasasshen bututun nan da hannuna, na ƙulle shi. Birkin da a da yake santsi saboda mai, yanzu ya koma yana kamawa caraf. Wato na ba ruɓaɓɓiyar ƙafa birki mai ƙarfi. Bakanike na shekara ashirin ya san ma'anar wannan. Da Malam Ayuba ya tafi, na sami Yaya a gaba, na ce masa fok ɗin nan zai kashe mutum, a kira shi a canza masa. Bai ko ɗago kai ba.

“Nawa na sayar irin shi? Wa ya mutu? Kai dai yi aikinka.”

Na koma gida na gaya wa mahaifiyarku. Tana shayar da Maryam, ta ɗago ta dube ni.

“Ka san gidansu. Palladan ba Makka ba ce. Ka je ka faɗa masa.”

Na ce gobe. Gobe ta zo na ce jibi, ina neman yadda zan faɗa ba tare da sunan Yaya ya fito ba. Kwana tara ina neman wannan hanya.

A rana ta goma, da la'asar, Malam Ayuba ya ɗauko Saratu daga kasuwar Sabon Gari, ta sayo yadi, za su koma gida. Sun kusa Palladan wata motar haya ta tsaya musu a gaba ba sigina. Ya kama birki. Bututun hagu ya karye daidai wurin shuɗin nan, tayar ta shige ƙarƙashin injin. Shi ya gurje fuska da kafaɗa. Ita babur ɗin ya danne mata ƙafar dama, idon sawun ya farfashe. Ƙafar da take taka keken ɗinki da ita.

Ban gama jin labarin ba sai na ji wani a kansa. Kafin magariba duk layinmu ya ɗauka cewa Garba ya gyara wa malamin makaranta birki, ya ɗaure shi fiye da kima, birki ya kulle ya kayar da su. Mai shayi ya faɗa mini, mai faci ya faɗa mini. Na bi maganar daki-daki har na gano bakin da ta fito. Yaya ne. Har asibiti ya je da lemo da madara, ya zauna a gefen gadon, ya ce wa Malam Ayuba shi dai ya sayar masa da lafiyayyen babur, sai da ƙaninsa ya taɓa shi abin ya lalace, amma a yi haƙuri, ɗan'uwa ne, ba yadda zai yi da shi. Ku dubi wannan. Na rufa masa asiri har na jefa rayuwar mutane biyu cikin hatsari, shi kuma tun jinin matar nan bai bushe a kan kwalta ba ya ɗauki laifin ya aza mini. Na same shi a shago na tambaye shi. Ya ce:

“To me? Kai bakanike ne, kuskure ɗaya ba zai kashe ka ba, mutane za su manta. Ni in aka ce ina sayar da babur mai hatsari, shagon nan ya rufe. Wa zai ciyar da Inna? Kai?”

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. Na ce masa ba zan ɗauka ba. Ya ce in gwada in gani.

'Yan'uwan Saratu ba su kai maganar wurin 'yan sanda ba, sai suka kai ƙungiyarmu ta kanikawa. Shugabanmu a lokacin Baba Rasaki ne, wani dattijon Bayarabe da aka haifa a Sabon Gari, wanda kusan rabin kanikawan layin a hannunsa suka koya. Aka sa ranar zama a garejinsa, aka kawo gawar babur ɗin a cikin kurar turawa. Mutum ya fi talatin. Malam Ayuba yana zaune a benci, fuska duk filasta. Yaya ya zo da babbar riga, ya yi magana mai daɗi, ya ce shi ba ya son a tsananta wa ƙaninsa. Da aka ba ni dama ban yi dogon bayani ba. Na ce a ba ni sifana. Na buɗe kwanon birki a gaban kowa, na miƙa wa Baba Rasaki. Ya duba laini, ya ja waya, ya saki.

“Birkin nan lafiya lau yake,” in ji shi. “Bai kulle ba.”

Na zare guntayen bututun biyu na ba shi. Ya kai su wurin haske, ya daɗe yana juyawa. Duk wanda ya san ƙarfe ya san bambancin sabuwar karaya da tsohuwar tsaga: sabuwa fara ce tas, tsohuwa kuwa ta yi duhu. Rabin bakin karayar baƙi ne. Ga shuɗin wuta, ga sawun sanfefa. Ya miƙa wa na kusa da shi, aka yi ta zagayawa da shi hannu zuwa hannu. Na ce a aika Zabi a kira mai waldar in ana so. Yaya ya miƙe yana cewa ƙarya ne, sharri ne, Baba Rasaki ya ce masa ya zauna. Na ji sanyi a ƙirjina, na ce yau gaskiya ta fito. Sai dattijon nan ya juyo gare ni.

“Garba, kai ka canza sil ɗin ƙafar nan?”

“Ni ne, Baba.”

“Ba a canza sil sai an zare bututu. Ke nan ka riƙe shi a hannunka. Ka ga wannan shuɗin, ko ba ka gani ba?”

Ina iya cewa ban lura ba. Da sun ce sakaci ne, su ci ni tara, a wuce wurin. Na dubi Malam Ayuba, shi ma ni yake kallo.

“Na gani, Baba. Har a kan gilashi na mirgina shi.”

“Ka faɗa wa mai babur?”

“Ban faɗa ba.”

Baba Rasaki ya ajiye ƙarfen a ƙasa a hankali. Ya ce shi ya koyar da mutane da yawa, wasu sun fito daƙiƙai, kuma daƙiƙi ana iya yafe masa. Amma wanda ya gani, ya gane, ya mayar ya ƙulle, shi bai san sunan da zai kira shi ba. Malam Ayuba ya tashi da ƙyar. Mutumin da ban taɓa jin muryarsa ta yi sama ba, ran nan ya ɗaga ta.

“Na tambaye ka, Malam Garba. Da bakina na tambaye ka ko ƙaramin abu ne. Da ka ce in bar shi, da ƙafa zan koma Palladan, in gode maka.”

Ya fita bai jira hukunci ba. Ƙungiya ta ɗora wa Yaya jinyar Saratu, ta hana kowane ɗanta taɓa babur daga shagonsa. Ni kuma aka ce in ajiye sifana wata shida. Ban yi gardama ba, nawa daidai ne.

Washegari na tarar da kayan aikina a waje, an sa wa ƙofar baya sabon kwaɗo. Da na je gaishe da Inna, Yaya ya riga ni. Ba ta amsa sallamata ba. Tana zaune a bakin gado, ta juya mini baya.

“Nono ɗaya kuka sha. Ka tsaya a gaban bare ka tuɓe wa yayanka riga.”

“Inna, mace ta rasa ƙafarta. Kuma shi ya fara aza mini laifin.”

“Da ka ɗauka. Ƙani ne kai. Me zai rage ka?”

Wannan kalma ta fi korar shagon yi mini ciwo, kuma har yau ba ta daina ba. A gidanmu ba wanda ya tambayi yadda Saratu ta kwana. Ba wanda ya ce wa Yaya me ya sa ka sayar wa mutane abin da zai karya su. Duk taron dangin da aka yi, kan abu ɗaya aka yi shi: Garba ya kunyata babba. Kawunanmu sun zo har gida su ce in je in durƙusa in ba shi haƙuri. Na ce su kai ni Palladan in durƙusa, can ne nake da laifi. Hawan jinin Inna kuwa ya girme wannan rigima da shekara shida, ni nake kai ta asibiti a bayan babur ɗina, kuma ban fasa ba har ta rasu, ko da tana hawa ba ta yi mini magana. Duk wanda ya ce muku ni na kwantar da ita, ku tambaye shi sau nawa ya kai ta ganin likita.

Wata shidan nan mahaifiyarku ce ta riƙe gidan da ƙosai da kunu, ni kuma ina dako a tasha. Ba ta taɓa ce mini ai na faɗa maka ba, ko sau ɗaya. Sau uku ina zuwa Palladan, sau uku Malam Ayuba yana fitowa ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ba sa bukatar komai. Da wa'adina ya cika ban koma Sabon Gari ba. Na kafa rumfa a Samaru, a bakin titi, inda kuka taso kuka gan ni. Yaya kuwa hukuncin bai yi shekara ba aka manta. Ya buɗe shago na biyu, ya je Hajji, ya dawo ana ba shi sahun gaba a kowane taro. Saratu ta yi wata huɗu a kwance, ta tashi da sanda, ƙafar ta ƙage ba ta lanƙwasuwa. Ta sayar da keken ɗinkin, ta koma sayar da zare da maɓalli a ƙofar gida. In na ce muku na huce, ƙarya nake. Kuna iya gaishe da baffanku, ku je sunan jikokinsa, ban hana ba. Amma kada wani cikinku ya sake zuwa mini da maganar in je in nemi sulhu a kan cewa ni na yi kuskuren buɗe baki. Kuskurena shi ne ban buɗe shi da wuri ba.

Shekaru suka ja, Malam Ayuba ya rasu ba mu shirya ba. Na je jana'izarsa na tsaya daga bayan coci, na dawo. Na ɗauka shi ke nan tsakanina da gidan.

Bayan kamar shekara biyu, ina zaune a rumfa da safe, sai ga babur ya tsaya. Wani magidanci ne yake tuƙi, mace a baya. Ta daɗe kafin ta sauko, sai da ta fara dafa sanda a ƙasa. Saratu ce, kai duk furfura. Na miƙe na gaishe ta. Ta ce wannan babban ɗanta ne, ya sayi babur na hannu zai riƙa zuwa aiki Kaduna da shi, ita kuma ta ce ba zai hau babbar hanya ba sai an duba.

“Akwai kanikawa da yawa tsakanin Palladan da nan, Maman yara,” na ce.

“Akwai,” in ji ta. “Amma kai kaɗai na san ka ɗanɗana abin da shiru yake jawowa. Duba gaban shi. Duk abin da ka gani, ka faɗa mini.”

Na jawo mata benci ta zauna, ta miƙe ƙafar a gabanta. Na ɗora babur ɗin a kan gungume, na kwance gaban gaba ɗaya, na jera komai a kan buhu inda za ta gani. Bututun biyu sun mirgina sumul. Boris ɗin wuya ya fara ci, wayar birki kuma saura silli uku ta tsinke daga ciki, inda ido ba ya kaiwa. Na ɗauki wayar na sa mata a tafin hannu, na nuna mata wurin da yatsa.

Ta duba da kyau, ta juya wurin ɗanta.

“Ka ji. Yau a mota za mu koma.”